Ƙarin Ruwa a Miya

Matso kusa da murhu, Nelida,
sanyin duwatsun Bolibiya ba ya jin magiya.
Gobe za ki durƙusa ki ɗau alkawari,
yau bari in ba ki asalinmu,
don wanda bai san mafarin rafi ba
zai zaci a tulu ruwa yake tsira.

Ba a zauren bishop aka haife mu ba.
A rumfar kifi ne, bakin teku, can Fotugal,
inda mata ke cuɗa sardin da gishiri
har yatsu su tsattsage.
Deolinda na cikinsu,
gajeriya, mafaɗaciya,
sunanta kaɗai ta iya rubutawa, shi ma a karkace.

Dare ɗaya teku ya haɗiye jirage huɗu.
Da gari ya waye
aka ƙirga marayu talatin da ɗaya a gaɓa,
sun zuba wa ruwa ido ko zai amayo iyayensu.
Fada ya yi addu'a, ya koma gida.
Deolinda ta kwance gyale, ta share hancin ƙaraminsu,
ta ce, "Ku biyo ni, akwai miya."
Miyar ba ta isa mutum biyar ba.
Ta ƙara ruwa.
Wannan ƙarin ruwan shi ne dokarmu ta farko.

Zulmira ta zo da keken ɗinki a ka.
Graciosa ta sayar da 'yan kunnen kakarta.
Mutanen gari suka raɗa musu suna, sistoci masu ƙarni,
su kuwa suka amsa.
Shekara goma sha ɗaya takardarsu na kwance a aljihun tebur
kafin a buga mata hatimi,
marayun farko har sun fara gemu.

Sai wasiƙa ta ƙetaro teku.
Wani fada mai tari ya rubuto:
"Nan dutse ne ke cin maza, yadda ruwa ke cin naku."
Aka karanta wa Deolinda sau biyu.
Ta ce, "Kukan maraya ba ya bukatar tafinta."
Shida suka hau jirgi. Ita ba ta hau ba,
ƙafafunta sun kumbura kamar turmi.
Ƙunshin gishiri ta danƙa musu, ba ta yi hawaye ba,
sai faɗa take yi, wai sun manta bargo.
Huɗu suka iso. Biyu suna ƙarƙashin ruwa, ba gicciye a kansu.

Ni a ayari na uku na zo.
Wata guda ina haɓo, iskar nan ba ta cika ƙirji.
Yara suka koya mini yarenku da dariya,
na nemi dankali, na ce a ba ni uba.

Kada ki zaci ƙirgar baftisma aka aiko mu yi.
Idan jiniyar ramin kuza ta yi kuka,
mu ne a bakin rami kafin motar kamfani.
Mu riƙe kwano ga mai tarin baƙar ƙura.
Mu zauna da gwauruwa, baƙi bayan baƙi,
har ta karanta takarda kafin ta dangwala yatsa.
Wanda ya tambayi dalili, sai mu ambaci Yesu.
Da yawa ba su tambaya. Su ma suna shan miya.

Ba zan ɓoye miki ba,
akwai dararen da na ja carbi har asuba
ban ji komai ba sai iska a kwanon rufi.
Na tashi, na hura wuta duk da haka.

Gishirin nan yana nan, bayan bagadi,
ya daskare, ya zama ɗan dutse.
Gobe za ki taɓa shi da harshe,
ki ji tekun da ba ki taɓa gani ba.

Ji can, ana buga ƙofa.
Gwiwata ta ƙi. Tashi ki buɗe,
in kin dawo, ki ƙara ruwa a tukunya.